Malamin da ya bar aji ya tafi majalisar jiha: da wane mudu za mu auna shi?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana jawo muhawara tsakaninmu 'yan Arewa mazauna Legas, musamman mu da muke Agege, wato yadda ya kamata a auna aikin malamin makaranta idan ya ajiye alli ya tafi majalisar dokokin jiharsa. Maganar ta shafe mu ne saboda wani dattijo da ya koyar da da yawa daga cikinmu a firamare a garinmu, ya yi hedimasta shekaru masu yawa, daga baya aka zaɓe shi ɗan majalisar jiha, ya yi zango ɗaya na shekara huɗu, jam'iyyarsa kuma ba ta sake tsayar da shi ba. Ba zan ambaci sunansa ko jiharsa ba, domin ban nemi izininsa ba. Yawancin 'yan garinmu da ke nan sun riga sun yanke hukunci cewa Malam bai tsinana komai ba a majalisa. Ni kuwa ina ganin an yi masa rashin adalci, kuma rashin adalcin ya samo asali ne daga yadda muka manta da aikin da tsarin mulki ya ɗora wa ɗan majalisa, muka ɗora masa wani aiki dabam wanda talakan malami ba zai taɓa iya ɗauka ba.

Fitowar malami daga aji zuwa majalisa tsohuwar hanya ce a ƙasar nan, kuma ita ce hanyar da ta ba mu shugabannin da har yau muke ambatonsu da alheri. Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda babban dandalin da ke tsibirin Legas yake ɗauke da sunansa, ya fito daga Kwalejin Katsina ne ya koyar a makarantar Midil ta Bauchi, ya je Landan ƙarin karatun aikin malanta a 1945, bayan ya dawo ya shiga Majalisar Arewa, a 1947 kuma aka turo shi majalisar ƙasa a nan Legas. A shekarar 1950 ya miƙe a zauren Majalisar Arewa ya gabatar da ƙudirin neman a binciki tsarin mulkin En'e a gyara shi, a lokacin da furta irin wannan magana a gaban sarakuna da Turawan mulki ba ƙaramin ƙarfin hali yake bukata ba. Sardauna Sa Ahmadu Bello ya koyar a Midil ta Sakkwato. Malam Aminu Kano ya koyar a Bauchi da Maru, ya kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948, kafin ya shiga Majalisar Wakilai a 1959. Alhaji Shehu Shagari ya yi hedimasta a Argungu kafin a zaɓe shi Majalisar Wakilai a 1954. A Gabas ma haka abin yake, domin Alvan Ikoku, wanda hotonsa yake kan takardar naira 10, malami ne da ya zauna a majalisa yana fafutukar ilimi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan mutane da ake tunawa da shi saboda yawan buhunan shinkafar da ya raba.

Misalin da ya fi kusa da mu mazauna Legas shi ne na Stephen Awokoya, wanda shugaban makarantar sakandare ne a Ijebu-Igbo kafin ya shiga majalisar Jihar Yamma ya zama ministan ilimi. Shi ne ya gabatar wa majalisar shirin ilimin firamare kyauta a 1952, ba a kuma yi gaggawar buɗe shirin ba sai da aka ɗauki shekaru ana horar da malamai ana gina azuzuwa, aka fara a watan Janairun 1955. Yawan yaran firamare a Yamma ya tashi daga kimanin 457,000 a 1954 zuwa kimanin 811,000 a 1955. Agegen nan da nake zaune tana ƙarƙashin Jihar Yamma a lokacin, domin ba a ƙirƙiri Jihar Legas ba sai 1967, saboda haka iyaye da kakannin maƙwabtanmu Yarabawa da muke gani a ofisoshi da asibitoci da kotuna da yawansu ta wannan ƙofa suka shiga. Abin lura shi ne mutumin da ya san aji, ya san yara nawa malami ɗaya zai iya riƙewa da kuma tsawon lokacin da horar da malamin yake ɗauka, shi ne aka ɗora a inda ake tsara doka da kasafi. Wannan ne amfanin malami a majalisa, kuma da shi nake so a auna Malam ɗinmu.

Malam yana cikin samarin da shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976 ya kwasa zuwa kwalejojin horon malamai. Ya fito da takardar shaidar malanta mai daraja ta biyu, aka tura shi ƙauyen da babu mota sai ranar kasuwa, daga baya da gwamnati ta ce takardar NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar da za a koyar da ita, ya koma ya yi ta a lokutan hutu yana da iyali. Ya hau matakan aiki ɗaya bayan ɗaya har ya zama hedimasta, abokan aikinsa kuma suka zaɓe shi shugaban reshen ƙungiyar malamai ta NUT a ƙaramar hukumarmu. A can ne jama'a suka san shi da tsayuwa a kan gaskiya, domin shi ne yake ɗaukar fayil ɗin malaman da suka mutu ya yi ta jeka-ka-dawo tsakanin ofishin sakataren ilimi da hedikwatar jiha har sai an biya magadansu haƙƙinsu. Da aka zo neman wanda zai tsaya takara, tsofaffin ɗalibansa ne suka matsa masa, wasu suna gida wasu muna nan Legas da Fatakwal da Abuja, muka haɗa abin da ya sauƙaƙa aka saya masa fom.

Ya kamata masu karatu su san irin shingen da ke gaban malami kafin ma ya kai ga akwatin zaɓe, domin shi ne dalilin da ya sa irinsu suke ƙaranci a majalisunmu. Sashe na 106 na tsarin mulkin 1999 bai nemi abu mai wuya ba, ɗan ƙasa ne kawai mai shekara 25, tun bayan gyaran 2018 da ya rage daga 30, wanda ya yi karatu zuwa matakin sakandare, kuma wata jam'iyya ta tsayar da shi. Amma sashe na 107 ya wajabta wa ma'aikacin gwamnati ya ajiye aikinsa kwana 30 kafin ranar zaɓe, ma'ana malamin gwamnati zai rabu da albashin da yake ci da iyalinsa da shi alhali bai san ko zai ci zaɓen ba, ɗan kwangila ko ɗan kasuwa kuwa ba abin da zai ajiye. Sannan ga kuɗin fom. A 2022 jam'iyyar APC ta sayar da fom ɗin takarar majalisar jiha a kan naira miliyan 2, a lokacin da mafi ƙarancin albashi na ƙasa yake naira 30,000, wanda ke nufin albashin sama da shekara biyar na ƙaramin ma'aikaci. A wancan lokacin dokar zaɓe ta 2022 ta yarda ɗan takarar majalisar jiha ya kashe har naira miliyan 30 a yaƙin neman zaɓe, kuma kowa ya san abin da daliget suke jira a daren zaɓen fid da gwani. Malamin da ya tsallake wannan duka, ko dai jama'a ne suka ɗauke shi a kafaɗa kamar yadda aka yi wa Malam, ko kuwa wani ubangida ne ya biya masa, wanda hakan yake nufin ya shiga majalisa da bashin biyayya a wuyansa.

Da ya shiga majalisa, me doka ta ce ya yi? Ayyuka uku ne manya: yin doka, amincewa da kasafin kuɗi, da sa ido a kan yadda ɓangaren zartarwa yake kashe kuɗin. Sashe na 120 da na 121 sun hana gwamna taɓa baitulmalin jiha sai da dokar kasafi da majalisa ta amince da ita, sashe na 128 da na 129 kuma sun ba majalisa ikon yin bincike da kiran kowane jami'i ya zo ya yi bayani da takardunsa. Babu inda aka rubuta cewa ɗan majalisa zai gina rijiyar burtsatse daga aljihunsa, ko ya raba babura, ko ya biya wa mutane kujerar Makka. Game da ilimin firamare kuwa, majalisar jiha tana riƙe da wani mabuɗi da mutane ƙalilan suka sani. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, amma jiha ba za ta karɓi kasonta na gine-gine ba sai ta ajiye nata kuɗin daidai da abin da za a ba ta. Shekara da shekaru ana jin hukumar tana kukan cewa biliyoyin naira suna kwance a asusu saboda jihohi da dama sun ƙi kawo nasu rabin, alhali yara suna zaune a ƙasa. Ɗan majalisar da ya tsaya ya ga an sa wannan kuɗi a kasafi, ya kuma bi sawu har aka sake shi, ya gina azuzuwan da albashinsa na shekara huɗu gaba ɗaya ba zai gina ko kaɗan daga cikinsu ba, sai dai ba za a rubuta sunansa a jikin bango ba.

A nan Malam ya zuba ƙarfinsa. Ya nemi a sa shi a kwamitin ilimi a lokacin da abokan aikinsa suke rububin kwamitin ayyuka da na kuɗi. Na taɓa raka shi wata ziyara da na je gida hutu, abin da na gani kuma shi ya sa nake wannan rubutu. Bai sanar da kowa zuwansa ba, bai tafi da 'yan jarida ba, ya isa makarantar kafin a kaɗa ƙararrawar safe. Bai nufi ofishin hedimasta ba, ya wuce aji uku kai tsaye, ya karɓi rajista ya kira suna da kansa, ya ƙirga waɗanda suka amsa, sannan ya ɗauki littattafan rubutun wasu yara ya duba ranar da aka yi musu maki na ƙarshe. Daga nan ya nemi littafin da malamai suke sa hannu idan sun zo aiki, ya fito da takardar albashin makarantar da ya karɓo daga hukumar ilimin firamare ta jiha, ya jera su gefe da gefe a kan tebur. Akwai sunayen da suke cin albashi a makarantar waɗanda hedimastan da kansa bai taɓa ganin fuskarsu ba. Malam bai yi wa hedimastan faɗa ba, domin ya san ba shi ya cusa sunayen ba, ya san kuma abin da zai same shi idan ya yi magana. Ya tambaye shi rabonsa da ƙarin girma, ya rubuta amsar a ɗan littafinsa. Kafin mu fita ya kira wata yarinya ta karanta masa layi biyu na Hausa daga allo, ta kasa, ya zauna kusa da ita a kan benci ya bi baƙaƙen da ita ɗaya bayan ɗaya har ta haɗa kalmar farko. Wanda bai yi aikin malanta ba zai zo ya duba rufi da fenti ya tafi, domin bai san inda ake ɓoye ɓarnar makaranta ba.

Abin da ya tattara daga irin waɗannan ziyarce-ziyarce shi yake kaiwa zaman kare kasafi, inda kwamishina da babban sakatare da shugaban hukumar ilimin firamare suke zuwa gaban kwamiti. An gaya mini jami'ai ba sa son ranar da zai yi tambaya, domin ba ya karɓar amsar da aka saba bayarwa cewa ana kan duba lamarin, sai ya kawo sunan makaranta da yawan yaranta da yawan malamanta, ya ce a nuna masa layin da ya shafe ta a cikin kasafin. Ta wannan matsin ne aka yi tantancewar ma'aikata a wasu ƙananan hukumomi aka cire sunayen bogi, aka biya wani ɓangare na bashin ƙarin girman malamai da ya daɗe yana taruwa, jihar kuma ta ajiye nata kason ta karɓo kuɗin UBEC da suka makale. Ba na cewa shi kaɗai ya yi waɗannan, domin ƙungiyar malamai ta matsa, akwai kuma jami'ai masu tsoron Allah da suka taimaka masa da takardu a asirce, amma da babu mai tayar da maganar a zauren majalisa da ta mutu a cikin fayil. Ya kuma gabatar da ƙudirin doka na ba malaman ƙauye alawus na musamman, saboda ya san dalilin da ya sa makarantun cikin gari suke cike da malamai na ƙauye kuwa mutum biyu suke riƙe da aji shida. Ƙudirin ya tsallake karatu na biyu, aka miƙa shi ga kwamiti, bai sake fitowa ba har majalisar ta ƙare.

Yayin da yake wannan aiki, ƙofar gidansa ba ta rabuwa da jama'a tun daga sallar asuba. Wannan ya zo da takardar magani, wancan matarsa ta haihu, wani zai aurar da 'ya, wani kuma yana son a sama wa ɗansa aiki. Ba na raina bukatar kowa a cikinsu, domin talauci ne ya kai su, kuma wanda asibitin gwamnati ya ce ya sayo allura ba shi da lokacin sauraron sashe na 128. Malam yana bayar da abin da ya iya, amma abin da ya iya bai kai abin da aka saba gani a hannun 'yan siyasa ba, saboda ba ya karɓar kwangila, ba ya kuma sayar da guraben aikin da ake ba 'yan majalisa. Mu ma 'yan Legas muna da namu kason a cikin wannan matsi. Ƙungiyar 'yan garinmu ta aika masa takardar neman gudummawar gyaran masallacinmu, ya aiko da abin da mutane suka ga ya yi kaɗan, tare da wasiƙa yana roƙon mu haɗa kuɗi mu sayi benci ga makarantar da ta yaye mu. Wasu daga cikinmu har yau ba su yafe masa wannan wasiƙa ba, suna cewa mu muka saya masa fom amma ya manta da mu. Ni kuwa a ganina wanda ya saya wa mutum fom domin a rama masa da kuɗi bai bambanta da ubangidan da muke zagi ba, illa dai nasa jarin ya fi ƙanƙanta.

Akwai 'yan majalisar da suka gane abin da jama'a suke so suka kuma ba su. Sukan buga littattafan rubutu da hotonsu a bango, su saya wa ɗalibai fom ɗin JAMB a tara su a ɗauki hoto, su yi wa aji biyu fenti su kafa allo mai sunansu a bakin titi. Ba zan ce waɗannan ba su da amfani ba, domin yaron da aka saya wa fom ya amfana. Amma idan mutumin da ya yi haka shi ne kuma ya ɗaga hannu ya amince da kasafin da bai karanta ba, wanda aka zaftare kason ilimi a cikinsa, to ya karɓe da hannun hagu fiye da abin da ya bayar da na dama, kuma ba wanda zai sani saboda ba mai bin abin da ake yi a kwamiti.

Duk da haka ba zan wanke Malam gaba ɗaya ba, domin akwai halayen malanta da suka cuce shi, kuma duk malamin da yake da niyyar bin wannan hanya ya kamata ya yi nazarinsu. Mutumin da ya shekara talatin yana magana ana saurare yakan ɗauka cewa idan ya yi bayani mai gamsarwa magana ta ƙare. A majalisa kuwa hujja ba ta isa ba sai da ƙuri'a, ƙuri'a kuma sai an bi abokan aiki gida-gida, an saurari bukatun mazaɓunsu, an goyi bayan ƙudirinsu domin su goyi bayan naka. Malam yakan miƙe a zaure ya yi wa 'yan'uwansa darasi, wani lokaci har ya gyara wa mutum lissafi a bainar jama'a, wanda aka kunyata kuwa ba ya mantawa. Ina da yaƙinin cewa ƙudirin alawus ɗin malaman ƙauye da ya rayu da a ce ya jawo 'yan majalisar da mazaɓunsu ƙauyuka ne ya sa sunayensu a kai tun farko, ya kuma zauna da kwamishinan kuɗi suka fitar da abin da zai ci a shekara. Tafawa Ɓalewa da ya kawo ƙudirin 1950 bai tsaya ga daɗin baki ba, ya san yadda ake lallashi da haƙuri da mutanen da ba su yarda da shi ba. Kuskure na biyu ya fi wannan girma: Malam bai koma ya gaya wa jama'arsa abin da yake yi ba. Yana ganin faɗin aikin alheri riya ce. Amma wakilci amana ce da ake ba da bahasinta, kuma da a ce duk bayan 'yan watanni yana tara mutane a filin makaranta, ko ya shiga gidan rediyon jiha ya ce ga kuɗin da aka ware, ga abin da aka saki, ga wanda ya hana, da masu cewa bai yi komai ba sun ragu, da kuma masu son kawar da shi sun yi tunani sau biyu.

Kawar da shi kuwa bai yi wuya ba. A yawancin jihohinmu majalisa 'yar amshin shatan gwamna ce, duk da gyaran tsarin mulki na 2018 da ya ba majalisun jihohi 'yancin karɓar kuɗinsu kai tsaye, saboda gwamna ne yake riƙe da jam'iyya, jam'iyya kuma ita take ba da tikiti. Ɗan majalisar da yake tono sunayen bogi yana taɓa abincin mutanen da su ne daliget ko iyayen gidan daliget. Da lokacin zaɓen fid da gwani ya zo, aka ce an yi maslaha, aka ba wani. Malam ya koma gidansa na da, yana koyar da yaran unguwa da yamma ba tare da karɓar ko kwabo ba, kuma abin da ya fi ba ni takaici shi ne malaman da aka biya bashin ƙarin girmansu ta dalilinsa ba su fito a ƙungiyance sun tsaya masa ba.

Wannan magana ba ta gida kaɗai ba ce, domin 'ya'yanmu da yawa a nan Legas aka haife su, a makarantun gwamnatin Legas suke karatu, a Agege da Idi-Araba da Obalende da Mile 12. Majalisar dokokin Jihar Legas da ke Alausa tana da wakilai 40, biyu daga kowace ƙaramar hukuma cikin 20 da tsarin mulki ya sani, kuma abin da suka zartar yana shiga jakar makarantar 'ya'yanmu kai tsaye. A 2018 an sa hannu a kan dokar da majalisar ta yi ta kare harshen Yarabanci, wadda ta wajabta koyar da shi a makarantun jihar, majalisar kuma takan yi zamanta na ranar Alhamis da Yarabanci, kamar yadda sashe na 97 ya ba ta dama. Ni ban ga laifin wannan ba, yaron da zai rayu a Legas jin Yarabanci riba ce gare shi, kuma abin koyi ne ga majalisun Arewa. Abin da nake nunawa shi ne ƙarfin da majalisar jiha take da shi a kan aji. Dattawan Legas har yau suna tuna yadda Alhaji Lateef Jakande, tsakanin 1979 da 1983, ya gina makarantu da yawa ya kawo ƙarshen tsarin da wasu yara suke zuwa da safe wasu da rana, kuma kowace naira ta wannan aiki sai da ta bi ta majalisa. Amma mu Hausawan Legas, in mun tashi ganin ɗan majalisa, yawanci a kan rikicin kasuwa ne ko kamun babura ko gayyatar bikin naɗin sarauta. Da wuya ka ji shugabanninmu sun halarci zaman jin ra'ayin jama'a a kan wani ƙudirin ilimi, ko sun kai takarda suna neman a sa malamin Hausa a makarantun unguwannin da yaranmu suke da yawa, alhali Hausa darasi ne da ake rubutawa a jarrabawar WAEC da NECO, ko suna neman a sauƙaƙa wa makarantun Islamiyyarmu hanyar yin rajista domin su haɗa da karatun boko. Da yawanmu ma katin zaɓenmu na gida ne, saboda haka ba mu da nauyi a nan inda yaranmu suke karatu, a can kuma ba mu nan balle mu ga abin da wakilinmu yake yi.

Saboda haka ina da roƙo ga ƙungiyar malamai ta NUT, wadda a nan Legas aka kafa ta a 1931. Ta nuna tana iya cin nasara idan ta dage, domin da fafutukarta aka samu dokar 2022 da ta ɗaga shekarun ritayar malami zuwa 65 na haihuwa ko 40 na aiki, dokar da aiwatar da ita ga malaman jihohi ya rataya a wuyan gwamnoni da majalisunsu. Ya kamata kowane reshe na jiha ya riƙa ajiye bayanin yadda kowane ɗan majalisa ya tsaya a kan lamuran ilimi, ya wallafa shi kafin zaɓe, ya kuma nemi jam'iyyu su rage wa malamai kuɗin fom kamar yadda wasunsu suke yi wa mata da matasa da masu bukata ta musamman.

Roƙona na biyu gare ka ne, ya Edita. Jaridunmu na Hausa suna ba mu labarin Majalisar Dattawa da ta Wakilai kusan kullum, amma majalisun jihohi ba a jin ɗuriyarsu sai ranar da aka tsige kakaki ko aka ba hamata iska a zaure. Ina roƙon ka tura wakilanka zaman kare kasafi na kwamitocin ilimi a ƙarshen kowace shekara, a Kano da Kaduna da Katsina da Sakkwato da sauran jihohinmu, har da Alausa saboda mu, su kawo mana da Hausa abin da aka ware wa ilimin firamare, abin da aka saki daga na bara, ko jihar ta ajiye kasonta na UBEC, da sunan ɗan majalisar da ya yi tambaya da irin amsar da aka ba shi. Mu kuma a nan Agege, ni da wasu tsofaffin ɗaliban Malam mun fara tattara kuɗin bencin da ya roƙa, kuma muna shirya takardar da za mu kai wa wakilanmu biyu a Alausa a kan batun malamin Hausa.

Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka. Wassalam.

Naka,
Mai karatu daga Agege, Legas